Zoben Da Na Goge A Taswirar Mista Kolum

Jama'a, an gama! Wallahi an gama! Yau da hantsi na kare risalata ta kammala digiri, malamai uku suka yi ta juya ni kamar tsire a wuta, ƙarshe dai suka ce mumtaz, makin da ba na sama da shi. Ni Mubarak, mumtaz! In kun ga na tsallake harafi ku yi haƙuri. Saura sati uku in tattara komatsaina sai Kano.

To tun da na faɗa a zauren nan cewa kujerata ta shagon buga taswira na unguwar Malaz a nan Riyad za ta zama ba kowa, mutum biyar suka biyo ni ta bayan fage, duk ku sababbin zuwa. Auwalu ma cewa ya yi, "Yaya Mubarak, ai aikin danna-danna ne, ka sa takarda a sikana, ka danna kore, ka zauna kana shan sanyin mukayyif." Auwalu, Allah ya shirye ka. Gyara zama. Duk mai son kujerar nan ya karanta wannan har ƙasa, don ni ma da irin bakinka na shiga, kuma saura ƙiris in sa a haƙa lambatu ta kan kabarin jariri a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Ba wasa nake ba, yasin.

Kun san iƙamar ɗalibi takardar zama ce, ba ta aiki ba ce, don haka a takarda ni mai koyon aiki ne da sashenmu na jugurafiya ya turo. Shekara huɗu ina zuwa. Shagon na wani Balarabe ne da ba ya leƙowa sai wata-wata, akwai mudir, wato manaja, da ke kula da kanta, sai ni a kwamfuta, sai Baba Isiyaku. Baba mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Ya koyi zanen taswira a ofishin safiyo a Kaduna tun ana jan sarƙar awo a daji, wani kamfanin gini ya kawo shi Riyad kafin a haife ni, kamfanin ya mutu, shi ya rage.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke alƙaluma. Ni da na zo da laftof da gadara! Alƙaluman tawada ne masu baki kamar allura, guda tara, kowanne da kaurin layinsa. A kwance su, a jiƙa a ruwan ɗumi, a fitar da wata 'yar waya siririya da ke ciki ba tare da ta lanƙwashe ba. Na lanƙwasa biyu a satin farko. Bayan nan sai reza. In layin tawada ya kauce a takarda mai shara-shara, da gefen reza ake kankare shi a hankali, sannan a murje wurin da bayan farce. Na huda takarda ta fi goma. Kayan Baba ba su da yawa: rula mai fuska uku, kamfas mai ƙafa biyu, gilashin dubawa da igiya a wuya, allurar ɗinki ɗaya da ya soke a toshiyar kwalba, da teburin haske. Teburin nan gilashi ne a sama, fitila a ƙasa. Ka ɗora takarda kan takarda, haske ya ratsa, ka ga ta ƙasa ta cikin ta sama. Sunan da ya sa mini shi ne Mai Yatsa, wai ban taɓa kallon abu daƙiƙa uku ban danna shi ba.

Na tuna wani tsoho da ya zo da takardar filin kakansa, wai iyakarsa daga bishiyar ƙaya zuwa rijiya zuwa inda raƙumi ya mutu. Na fashe da dariya. Baba ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, ya yi awa biyu yana masa tambaya, ya fitar masa da filin. Da mutumin ya tafi ya ce mini, "Mai Yatsa, takarda ba ta magana sai ka tambayi mai ita." Na ce to Baba, a raina ina cewa tsohon yayi.

Sai shekarar da farashin mai ya faɗi. Ku ba ku ga wannan ba. Gine-gine suka tsaya cak, ka wuce ka ga kuren ɗaga kaya a sama ba ya motsi wata da watanni. Injiniyoyin da ke cika mana shago da zanen gini suka riƙa zuwa sallama ɗaya bayan ɗaya. Wani yinin tun safe har isha ba abin da muke bugawa sai katin biki. Mudir ya ce wurin ya yi mana yawa, za a yanke rabi a ba mai gyaran waya. Rabin da aka yanke nan ne kusurwar Baba. Ranar wata Asabar 'yan dako suka ɗauki teburin haske suka kai sito a Sina'iyya ta Biyu, unguwar masana'antu. Baba ya tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana, ya dawo ya zauna kan kujerar roba kusa da injin yanka takarda. Daga ranar duk aikin taswira ni ake miƙo wa, don ni shap-shap ne.

A cikin watan ne Mista Kolum ya shigo, ranar Talata bayan la'asar. Bature ne dogo, jajir, ya haura hamsin, injiniya a wata masana'anta can Sina'iyya. Ya ce shi mutumin Ailan ne. Na ce Ingila? Ya ce kar in sake. Ashe airish ɗin nan da muke soyawa da ƙwai sunan mutane ne! Ya buɗe wani kwali ya fito da takardu uku ya shimfiɗa a kanta.

Ta farko kwafin wata tsohuwar taswira ce ta yankinsu, an zana ta tun zamanin kakan kakansa. Yankin suna kiransa da sunan coci, kamar a ce duk ƙauyukan da ke haɗuwa a masallacin Juma'a ɗaya. An yayyanka shi unguwa-unguwa ta gonaki, kowace da sunanta da ba ya faɗuwa a baki. Takardar ta sha hannu, ta yi ruwan ƙasa, ga shatin shayi, ga maiƙo. Ta biyu ita ma tsohuwa ce amma ta fi ta farko ƙuruciya da kamar shekara hamsin. Ta uku hoton satalayit ne na yau.

Ya ɗora yatsa kan wani ɗigon fensir a ta farko, an danna shi da ƙarfi har takardar ta lotsa. Ya ce, "Wannan nake so ka nuna mini inda yake a hoton yau."

Sannan ya faɗi dalili, ni kuwa na saki baki. Wai a can da, jaririn da ya mutu ba a yi masa wankan shiga addininsu ba, ba a kai shi maƙabartar coci. Akwai wani lungu daban a bayan gari, ba alama, ba suna, uba ne ke ɗauka shi kaɗai ya je ya binne, ya dawo ba ya cewa komai. Mata ba sa zuwa. Kafin a haifi Kolum mahaifiyarsa ta haifi namiji, ya yi kwana ɗaya ya koma. Mijinta ya ɗauka ya fita. Har ya mutu bai gaya mata wurin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai da suna kwashe kayansa suka sami taswirar nan a gwangwanin biskit da ɗigon a jiki. Yanzu tsohuwa ta haura tamanin. Gonakin wajen an sayar wa wani zai dasa itatuwan katako, ranar Litinin mai zuwa motar haƙa za ta shiga ta tsaga lambatu don ruwa ya tsane. Mai gonar ya yi mutunci, ya ce in an nuna masa wurin zai kewaye shi da waya ya bar shi. Kolum zai tashi ranar Alhamis bayan isha.

Baba ya taso ya leƙa ta kafaɗata da gilashinsa. Ya buɗe baki zai yi tambaya, mudir ya riga shi: "Yalla, maza ya Mubarak, gobe ya zo ya karɓa." Na ce gobe ma ta yi nisa.

Ga abin da na yi, ku ji da kyau. Na yi sikanin ta farko. Na buɗe ta, na ga datti ko'ina, na hau goge-goge. Shatin shayi, dilit. Maiƙo, dilit. Akwai wani zobe a tsakiyar wata gona, da'ira cif kamar gindin kofi, shi ma na share shi tas. Na danna sebin a kan fayil ɗin asali, ban ajiye ɗanyen ba. Ta biyu na kalle ta sau ɗaya na ga rabinta fili ne fetal, na ce wannan ba a ma gama zana ta ba, na ture ta gefe. Saura ɗaurewa. A sana'ar nan in za ka ɗora tsohuwar taswira kan sabuwa, sai ka nemi wuraren da ke cikin duka biyun ka ɗaure su da juna, sauran su bi. Na duba, ga coci a tsohuwa, ga coci a hoton yau. Na ɗaure. Ga gadar rafi, ga gadar rafi. Na ɗaure. Kwamfuta ta juya, ta ja, ta daidaita, ɗigon ya faɗa kusurwar wata gona a kan ɗan tudu. Na zana masa jan kuros ƙato, na buga a takarda mai sheƙi. Minti arba'in. Har hoto na ɗauka na sa a sitatus.

Laraba Kolum ya zo, ya daɗe yana kallon jan kuros ɗin, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya tattara takardunsa uku ya tafi.

Alhamis da safe muka zauna karin kumallo a bayan kanta. Ku sani, a shagonmu ba a sayen ledar shimfiɗa, kwafin gwaji da ya lalace shi muke shimfiɗawa mu ci tamis da ful a kai, wato gurasa da dafaffen wake. Ranar hannuna ya faɗa kan gwajin aikin Kolum. Baba ya gutsuri tamis, ya kai hannu zai dangwali ful, hannun ya tsaya a sama. Ya ture kwanon gefe. Ya sa gilashi.

"Wa ya kai fadama kan dutse?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Ga alamar fadama a tsohuwar, 'yan ciyayin nan. Dubi abin da ke ƙarƙashinsu a hoton. Duwatsu ne a fili. Laka tana zama dutse a shekara ɗari? Da me ka ɗaure?"

"Coci da coci, Baba. Sai gada."

"Saboda me?"

"Ai wurin ibada ba ya tashi."

Ya cire gilashin ya kalle ni. "Kai ɗan ina ne?"

"Haba Baba, cikin Birni mana, ka sani."

"Shi ya sa. Masallacin unguwarku tun kakanka yana inda yake, ka ɗauka haka duniya take. Mu da aka yi titi ya wuce nesa da garinmu, shekara biyu ba a yi ba kowa ya koma bakin hanya. Da masallacinmu muka tashi, har azarar rufinsa a ka muka ɗauka. Abin da muka bari a kufai kuka ce da rijiya da matattunmu. Rafi kuwa, ko jiya ka bar shi kar ka yarda da shi yau." Ya sake sunkuyawa, yatsansa na yawo. "Ina zoben?"

"Wane zobe?"

"Na gan shi ran Talata. A nan, gabas da gidajen."

Na ce, "Wai shatin kofin? Na goge."

"Kofi yana da gashi?"

Ashe zoben kewaye yake da wasu 'yan layuka ƙanana kamar gashin ido, da hannu aka zana su ɗaya-ɗaya. Da na yi zum sau ɗaya da na gani. Baba ya ce in buɗe ɗanyen fayil. Na ce babu. Jama'a, na yi mutuwar zaune. Tamis ɗin nan har yau ban san wanda ya cinye shi ba.

Mudir ya ji mu. Ya ce, "Halas, mutum ya karɓa, ya yi murna, mafi mushkila, ba matsala." Baba bai ko kalle shi ba. Ya naɗe rula da kamfas da allura da salatif a cikin sallayarsa, ya sa hula, ya ce mini, "Kira shi. Kai ka ɓata, da bakinka za ka faɗa."

Na kira. Turancina da nake ji da shi duk ya zube. Na ce, "Yallaɓai, kuros ɗin nan ba wurin ba ne." Ya ce, "Ku zo," ya turo mini lokeshan gidansa a unguwar Nasiriya.

Mun same shi akwatuna a buɗe, dabino da tsaraba a kan kujera. Bai ba ni hannu ba. Baba ya gaishe shi da irin Turancin nan nasu na mutanen da, a tsanake, ya karɓi takardun uku, ya duba falon. Ba teburin haske. Sai ya nufi taga, ya zuge labule, ranar Riyad ta ƙarfe goma ta bugo gilashin. Ya manna ta farko da salatif, ya ɗora ta biyu a kanta, ya yi ta gyarawa har katangun gonaki suka hau kan juna. Ya ce, "Mai Yatsa, zo ka ƙirga."

Hasken ya ratsa. A filin nan fetal na ta biyu, wanda na ce ba a gama zanawa ba, sai ga 'yan baƙaƙen ɗakuna suna lekowa daga ta ƙasa, a cunkushe kamar unguwa. Na ƙirga arba'in da ɗaya. A ta sama huɗu suka rage.

Na ce, "Yallaɓai, ina sauran?"

Kolum ya ce yunwa. Abincinsu kaf dankali ne, sai ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa shekara bayan shekara. Wasu suka mutu a ɗaki, wasu a hanya, wasu suka hau jirgin ruwa ba su sake dawowa ba. Waɗanda suka kasa biyan haya masu ƙasa suka kware musu rufi. Ni fa a tunanina Bature bai san yunwa ba sai a talabijin. Na tsaya ina kallon gari guda ya ɓace tsakanin takarda da takarda, kuma ni shekaranjiya na ce masu zanen ne suka yi lalaci.

Baba ya ce, "Kufai ne," kamar yana gaya wa kansa. Ya nuna cocin da na ɗaure da shi. A ta biyu an rubuta kango a gefensa. Can ƙasa kuma, inda wata sabuwar hanya ta gitta tsohuwa, ga wani cocin, ga shaguna, ga makaranta. Kolum ya dafe kai. Ya ce tabbas, kakarsa takan ce duwatsun tsohon aka kwasa a amalanke aka gina sabon, amma shi tun da ya yi wayo coci ɗaya ya sani. Rafin ma an miƙe shi an sake masa gada. Wato abu biyu na ɗaure da su, duka biyun sun yi ƙaura.

Baba ya zauna, ya ce, "Injiniya, a garinku me mutane ke tsoro?"

Kolum ya yi 'yar dariya, karo na farko. Baba ya nuna zoben. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce wannan ganuwar ƙasa ce ta mutanen farko, ta fi shekara dubu, ƙayoyi sun cika ta. Mutanen garin sun ce akwai masu zama a ciki, ba a ganinsu. Ba a nome ta, ba a yanke ko reshe. Kawunsa yakan zagaye ta da tarakta ya bar ta a tsakiyar gona kamar tsibiri.

Na ce, "Aljanu?! Ku ma?"

Ya ce, "Ni injiniya ne, ban yarda da su ba."

Baba ya ce, "Za ka sare?"

Ya ce, "Ko za a ba ni masana'antar nan kyauta."

Baba ya tafa hannu. "Kukar aljanu ce! Mu ma da muna awo a daji da ita muke ɗaurewa. Gida ya rushe, kasuwa ta tashi, kukar da ake tsoro tana nan. Mai Yatsa, abin da ka goge shi kaɗai ne bai taɓa motsi ba a duk takardar nan." Muka duba hoton yau, ga shi kuwa, dunƙulen bishiyoyi zagaye cif a tsakiyar kore. Da idona na gan shi ran Talata na wuce.

Ɗaya ba ya isa, sai uku. Baba ya ci gaba da tambaya kamar ɗan sanda. Aka samo wata rijiya da ake ɗaura tsummoki a bishiyar gefenta don neman lafiya, har yau ana zuwa. Aka samo wani dutse inda iyakar unguwanni uku ta haɗu, Kolum ya ce gidaje biyu sun yi shekaru ba sa gaisawa a kansa. Baba ya ce, "Madalla, dutsen da ake faɗa a kansa ba mai iya matsar da shi, ido ya yi masa yawa."

Daga nan ya ɗora rula kan ma'aunin da ke gindin tsohuwar taswirar, ya ce injin kwafi ya ja ta ta tsaye fiye da ta kwance, kaɗan, kamar kaurin farce. Ya yi lissafin gyaran da fensir a bayan ambulan. Ya buɗe kamfas daga tsakiyar zobe zuwa ɗigon, ya juya awon zuwa ma'aunin hoton yau, ya ja baka siririya. Daga rijiya, ya ja. Daga dutse, ya ja. Aka kira azahar muka fita muka yi salla, muka dawo ya sake aunawa daga farko kamar bai taɓa yi ba. Ni aikina riƙe salatif. Bakunan uku suka haɗu suka bar ɗan fili a tsakiya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya zaro allura daga toshiyar kwalba ya huda.

Hudar tana gindin fadama, bayan kufan. Jan kuros ɗina yana can kan tudu, ya fi rabin kilomita. Kolum ya buɗe wayarsa ya nuna mana zanen lambatun da mai gonar ya turo masa. Layi na biyu ya bi ta kan hudar allurar, cif. Da an bi tawa, da an kewaye duwatsu da waya ranar Litinin, motar haƙa kuma ta wuce ta kan yaron.

Kolum ya juyo ya kalle ni. Na ce yau zan sha zagi da Turanci. Bai zage ni ba, wallahi gara ya zaga. Cewa ya yi, "Jiya na tura wa ƙanwata hoton taswirarka, ta buga wa Mama. Da ita ta kwana a ƙarƙashin filo."

Ya kira gida a gabanmu, ya sa a sifika. Muryar tsohuwa siririya, Turancinta ban kama ko rabi ba, shi ya riƙa maimaita mana. Ya gaya mata an yi kuskure, wurin yana ƙasa, bakin fadama. Sai ta ce ai ta sani. Ta ce ranar da babansa ya dawo, baƙar laka ce a wandonsa har gwiwa, ita ta wanke. Jiya ta yi ta kallon jan kuros ɗin tana tunanin ina ya samo laka a kan wancan tudun, amma ta ce masu ilimi sun fi ta sani.

Masu ilimi. Ni kenan fa.

Ya tafi da hoton mai huda, Baba ya zagaye hudar da alƙalami mafi siriri. Mu muka hau tasi muka koma Malaz. A hanya ina jira Baba ya wanke ni, amma da muka zo sauka cewa kawai ya yi, "Gobe Juma'a. Jibi ka zo da wuri, alƙaluma sun bushe."

Bayan sati uku sai ga Kolum a shago da leda a hannu. Ya ajiye waya a kanta, muka kewaye ta har da mudir. Ya ce direban motar haƙan ya ajiye mota, suka bi da shebur a hankali suna kware ciyawa. A hoton farko ga 'yan duwatsu a jere, ƙanana, ba rubutu, an kafa su a tsaye, wasu da fararen tsakuwa a gindi. Ba ɗaya ba ne. Sun ƙirga ashirin da wani abu suka daina. Na gari guda ne, tun na mutanen kufan. A hoto na biyu an kafa turaku an ja waya, lambatun ya yi kwana ya zagaye. A na uku ga tsohuwa a kujerar roba a tsakiyar fadama, da takalmin ruwa da bargo a cinya. Ba ta san wanne ne nata a ciki ba. Kolum ya ce ta ce ba komai, yana cikin 'yan uwansa.

Ya buɗe ledar, hular ulu ce mai kauri, tsohuwar ta saƙa da hannunta ta ce a ba mai allura. A Riyad! A watan da kwalta ke narkewa! Baba ya karɓa da hannu biyu ya kifa ta a kan hularsa, muka yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Ni kuma Kolum ya miƙo mini hannu, ya ce ya je ya ga inda kuros ɗina yake, wurin da ake tara kashin shanu ne.

Baba ya sa gilashi ya koma kan hoton farko, ya daɗe. Ya ce, "Injiniya, daga inda hudar ta nuna zuwa dutsen farko, nawa?"

Kolum ya ce, "Taku biyu. Mista Isiyaku, daga Riyad, da allura, taku biyu!"

Baba ya ɓata rai. Ya juya ya kalli kusurwar da mai gyaran waya yake zaune, ya kalli mudir.

"Da da teburina ne, taku ɗaya."

Teburin dai har yau yana sito. Baba yana nan, hular na cikin aljihun teburin yanka, yana fito da ita in sanyi ya shigo. Auwalu, in har yanzu kana so, Asabar ƙarfe bakwai da rabi, ka taho da tamis huɗu. Za ka tarar da alƙaluma tara a kofin ruwan ɗumi. Kwamfuta kuwa na canja mata fasuwod, yana wurin Baba, shi kuma bai san yadda ake shigar da shi ba.